BABI NA UKU: HANYOYIN SAUƘAƘA RUBUTUN WAYAR DA KAN JAMA'A A KUDANCIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bitar ayyukan da suka danganci wannan nazari. A wannan babi kuwa za a dubi hanyoyin da ake bi a sauƙaƙa rubutu domin ya isa ga jama'a masu yawa, tare da yin la'akari da al'ummar ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da ake nufi da rubutun wayar da kai a nan shi ne duk wani rubutu da aka yi domin a sanar da talaka wani abu da ake so ya aikata ko ya guje wa. Wannan ya haɗa da takardun malaman gona, da na asibiti, da sanarwar ƙaramar hukuma, da allunan bakin hanya, da bayanin da ake liƙawa a jikin kwalbar magani. Irin wannan rubutu ya sha bamban da na adabi. Mai karanta ƙagaggen labari idan bai gane wata kalma ba ya yi asarar ɗan jin daɗi ne kawai, amma manomin da bai gane awon maganin feshi ba yana iya ƙona shukarsa ko ya cutar da lafiyarsa.

3.1 Yankin da Masu Karatunsa

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna kudancin Jihar Kano, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'in mazauna cikinsu. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma ita ce ke shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura. A ƙasar Ƙiru akwai Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta shiga ƙasar Doguwa. Yankin Tudun Wada da Doguwa ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa ya yi suna wajen noman masara da shinkafa da rake. Riruwai kuma an san ta da haƙar kuza tun da daɗewa.

Idan aka dubi mazauna wannan yanki ta fuskar karatu, za a iya kasa su gida huɗu. Na farko su ne waɗanda suka yi zurfi a karatun boko, kamar malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Na biyu su ne waɗanda suka tsaya a firamare ko suka halarci ajin yaƙi da jahilci, waɗanda kan haɗa baƙi da wasali a hankali. Na uku su ne waɗanda suka yi karatun allo, suna karanta ajami ba tare da wahala ba amma boko yana yi musu nauyi. Na huɗu su ne waɗanda ba sa karatu sam, sai dai a karanta musu. Bayan wannan, akwai Fulani makiyaya da Kurama a ƙasar Doguwa, waɗanda da yawansu Hausa harshe na biyu ce a gare su.

Abin lura a nan shi ne, masu rubuta takardun wayar da kai kusan kullum daga rukuni na farko suke fitowa, alhali waɗanda ake rubutawa dominsu suna cikin sauran rukunan uku. Haka kuma, a ƙauye takarda ɗaya ba mutum ɗaya take yi wa aiki ba. Akan miƙa ta ga ɗan makaranta ya karanta a majalisa, ko a ƙofar masallaci, ko a tsakar gida mata suna saurare. Wato ke nan, rubutun yana shiga ta kunne fiye da yadda yake shiga ta ido, kuma mai saurare ba shi da damar komawa baya ya sake duba farkon jimla.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Sauƙaƙa Rubutu a Ƙasar Hausa

Neman hanyar isar da ilimi ga talakawa cikin sauƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi manyan littattafansu da Larabci, amma da suka so saƙo ya kai ga manoma da makiyaya da mata sai suka mayar da shi waƙa cikin Hausa da Fulatanci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke haddace waƙoƙin su kai su ƙauyuka. Hikimar da ke ciki ita ce an zaɓi harshen da mai saurare yake ji, an kuma zuba saƙon cikin sigar da zai iya riƙewa.

Ta ɓangaren boko, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East a Zariya. A cikin shekarun 1930 ne aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, kuma karɓuwar da ta samu tana da nasaba da yadda aka rubuta ta da Hausar da mutane suke magana da ita. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna domin sababbin masu karatu, kamar Sodangi ta lardin Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi tarurrukan daidaita rubutu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo wannan tarihi daki-daki a littafinsa Hausa a Rubuce na 1988.

A Jihar Kano, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, wadda ta samu yabo daga UNESCO a 1983. A farkon shekarun 1980 ɗin ne kuma kamfanin Triumph ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, aka kuma kafa hukumar KNARDA wadda ta baza malaman gona a karkara. Duk waɗannan sun ƙara yawan mutanen da ke iya haɗa baƙi a yankin da ake nazari. Sai dai koya wa mutum karatu rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne a ba shi abin da zai iya karantawa, idan ba haka ba karatun yakan zube.

Wannan damuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Ingila an kafa ƙungiyar neman sauƙaƙa Ingilishin hukuma a 1979. A Amurka an yi doka a 2010 wadda ta wajabta wa ma'aikatun tarayya yin rubutu bayyananne ga jama'a, sannan a 2023 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida a kan sassauƙan harshe.

3.3 Hanyoyin Sauƙaƙawa

Misalan da za a kawo a wannan sashe an tsara su ne domin fito da bayani fili, bisa irin sigar da aka saba gani a takardun hukuma.

3.3.1 Zaɓen Kalmomi

Mataki na farko shi ne marubuci ya fifita kalmar da ake ji a kasuwa da gona a kan wadda ba a jin ta sai a ofis ko a aji. Hausa tana da kalmomin aro masu yawa daga Larabci da Ingilishi, kuma kasancewar kalma ta aro ba shi ne aibinta ba. Kalmomi irin su asibiti da allura da likita da lita sun zama 'yan gida. Matsalar tana ga keɓaɓɓun kalmomi da masana suka ƙirƙira domin koyarwa, da kuma kalmomin da ba su faɗi komai ba saboda faɗinsu. Alal misali, kalmar sinadari ana amfani da ita ga gishiri da taki da guba da abin gina jiki. Idan aka rubuta cewa maganin yana ɗauke da sinadari mai ƙarfi, mai karatu yana iya ɗaukar maganar a matsayin yabo, alhali gargaɗi ake nufi. Kalmar guba ita ce ta dace a nan, domin babu wanda zai ji ta ya yi sakaci.

Har ila yau, ya kamata a tsaya a kan kalma ɗaya ga abu ɗaya tun daga farkon takarda har ƙarshenta. A rubutun adabi sauya kalma ado ne. A takardar asibiti kuwa, idan aka ce gudawa a layin farko, aka ce zawo a na uku, aka ce ɓacin ciki a na biyar, mai saurare yana iya zaton cututtuka uku ake magana a kai. Karin magana ma haka take. Tana ƙara wa zance armashi ga Bahaushe, amma ga wanda Hausa harshe na biyu ce gare shi tana iya zama shinge. Don haka a sa ta a wurin jan hankali, kada a ɗora mata nauyin ainihin umarnin.

3.3.2 Ginin Jimla

Yawancin takardun wayar da kai da Ingilishi ake fara rubuta su, daga baya a fassara. Mai fassara yakan bi tsarin jimlar asali sau da ƙafa, sai a sami doguwar jimla mai sarƙaƙiya. Dubi wannan misali:

(1) Ana sanar da ɗaukacin manoman da suka yi rajista cewa, bisa la'akari da ƙaratowar damina da kuma buƙatar da ke akwai ta tabbatar da wadatuwar kayayyakin aikin gona a kan lokaci, za a gudanar da aikin rarraba takin zamani ga waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma daga ranar Litinin mai zuwa.

Wannan jimla tana da kalmomi 57, kuma ba a ambaci taki ba sai a kalma ta 38. Kafin ɗan firamare ya kai wurin, masu saurare sun manta da farkon zancen. Bayan haka akwai harshen damo, domin ba a san ko a harabar sakatariya aka gindaya sharuɗɗan ba, ko kuwa a can za a yi rabon. Ba a faɗi sharuɗɗan ba. Litinin mai zuwa kuma ta danganta da ranar da takardar ta iso ƙauye. Idan ta kwana takwas a hanya kafin ta kai Burji ko Yaryasa, manomi zai biya kuɗin mota ya tarar an gama. Ga yadda za a iya gyara ta:

(2) Za a raba takin zamani. Wuri: sakatariyar ƙaramar hukuma. Rana: Litinin, 5 ga watan Yuni, ƙarfe 9 na safe. Duk manomin da ya yi rajista ya zo da katinsa.

A misali na (2) an fara da abin da ya fi damun mai karatu, kowace jimla ta ɗauki saƙo ɗaya, kuma an yi amfani da aikatau kai tsaye. An ce za a raba, maimakon za a gudanar da aikin rarrabawa. Wani abin kiyayewa shi ne lamirin da ba ya nuna mai aiki. Idan aka ce a kawo yara rigakafi, kowa yana iya ɗauka da wani ake. Idan aka ce iyaye ku kawo yaranku, an ɗora nauyin a kan wanda ya dace. Haka kuma, a guji korewa biyu a jimla ɗaya. Cewa ba a ce kada a sha ba yana rikita mai saurare, alhali ana iya sha ta wadatar.

3.3.3 Kiyaye Ƙa'idojin Rubutu

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka kalmomi da dama suna da sura ɗaya a takarda, kamar fari na launi da fari na rashin ruwa, ko gari na mazauni da gari na tuwo. Gwanin karatu yakan gane abin da ake nufi daga muhallin kalma, amma mai koyo yana karanta kalma ɗaya-ɗaya ne. Wajibi ne marubuci ya ƙara kalmar da za ta warware shubuha, kamar ya ce garin masara ko farin damina.

Tun da rubutun ya riga ya rasa waɗannan alamomi biyu, watsi da lanƙwasa ƙarin nauyi ne a kan mai karatu. Tsofaffin tafiretoci da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai an bi da alƙalami an sa. A yau kwamfuta da wayar hannu suna iya fitar da su, amma sakaci ya sa har yanzu ana barin su. Ga abin da hakan ke haifarwa idan ya haɗu da kuskuren raba kalma:

(3) Ya ba ta magani.
(4) Ya ɓata magani.

Idan aka rubuta ya bata magani, ba a san wanne ake nufi ba tsakanin (3) da (4). Haka abin yake tsakanin kafa da ƙafa, da kashi da ƙashi, da kuma taki na gona da taƙi na awon hannu, waɗanda duka biyun suna iya haɗuwa a takardar malamin gona guda ɗaya. Alamomin rubutu ma suna da nasu aiki. Aya da waƙafi su ne ke gaya wa mai karantawa a bayyane inda zai numfasa, kuma inda ya numfasa nan ne mai saurare yake yanke ma'ana.

3.3.4 Ma'auni da Lokaci

A nan ne kuskure ya fi tsada. Takardun noma suna magana da hekta da kilo da mililita da santimita, manomi kuwa yana aiki da buhu da mudu da kwano da taku. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi, kuma mai ƙaramar gona ba lalle ne ya san ko kashi nawa na hekta yake nomawa ba. Buhun taki mai kilo 50 sananne ne, don haka gara a yi bayani da buhu da rabin buhu. Tazarar da aka saba bayarwa ga masara, wato santimita 75 tsakanin kunya da kunya da 25 tsakanin shuka da shuka, ana iya kusanto da ita da cewa taku ɗaya matsakaici da kuma ɗani ɗaya da ɗan ɗori. Game da maganin feshi, abin da manomi yake buƙatar ji shi ne yawan da zai zuba a famfon goyo ɗaya, tare da faɗin ko mai lita 16 ne ko mai lita 20.

Sai dai akwai hattara. Mudun wata kasuwa ya bambanta da na wata, gwangwani ma girma-girma ne. Saboda haka bai halatta marubuci ya yi kirdado ba. Sai ya auna da kansa, ya ambaci irin mazubin, sannan ya rubuta awon asali a gefe domin malamin gona. Misalin ruwan gishiri da sukari ya isa hujja. Awon da hukumomin lafiya suka bayar shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, da shafaffen cokalin shayi shida na sukari, da rabin cokalin shayi na gishiri. Idan aka rubuta cokali kawai, uwa tana iya ɗaukar babban cokalin cin abinci, gishiri ya yi yawa, maganin ya koma cuta ga yaron da gudawa ta riga ta galabaitar.

Ta fuskar lokaci, sau uku a rana ya fi fitowa fili idan aka ce da safe da rana da dare, ko aka danganta shi da lokutan salla, kamar bayan asuba da bayan azahar da bayan lisha. A aikin gona kuma, ƙirga kwanaki daga ranar shuka ya fi ambaton watan Turawa amfani, domin saukar damina a Doguwa yakan riga na arewacin jihar.

3.3.5 Tsarin Shafi da Zaɓen Rubutu

Manyan haruffa masu kauri, da gajerun layuka, da fili tsakanin sakin layi suna taimaka wa mai raunin gani da mai karatu da fitila. Rubuta dukan takarda da manyan baƙaƙe kuwa yana rage saurin karatu, domin an fi sabawa da surar ƙananan baƙaƙe. Idan aiki yana da matakai, a jera su da lamba bisa yadda za a yi su, gargaɗi kuma ya zo kafin matakin da ya shafa. Hoto yana da amfani idan ya nuna mutane da kayan aikin da aka sani a yankin. Amma alama ba ta bayyana kanta. Jan layi da rawaya da shuɗi da kore da ake sawa a gindin takardar maganin ƙwari suna nuna matakin haɗarinsa ne, ja shi ne mafi tsanani, kuma sai an faɗi haka da kalmomi kafin manomi ya sani.

Game da rukuni na uku, sanya ajami kusa da boko yana faɗaɗa masu karatu ba tare da an sauya ko kalma ɗaya ba. Muhawarar da ta biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ta nuna cewa masu dogaro da shi ba kaɗan ba ne. Sharaɗi shi ne a rubuta shi da irin hannun da almajirai suka saba gani a allo, a kuma sa wasulla cikakku.

3.4 Auna Sauƙin Rubutu

A 1948 Rudolf Flesch ya fitar da wani lissafi na auna sauƙin rubutun Ingilishi, wanda ya dogara a kan abu biyu: yawan kalmomi a jimla da yawan gaɓoɓi a kalma. Ɓangaren farko yana da amfani ga Hausa, kamar yadda misali na (1) ya nuna. Ɓangare na biyu kuwa bai dace da ita ba. Gaɓar Hausa iri uku ce, wato baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Wannan ya sa kalmomin yau da kullum sukan yi gaɓoɓi da yawa ba tare da sun yi wuya ba. Kalmar makarantunmu tana da gaɓa biyar, kuma kowane yaro ya san ta. Kalmar nassi gaɓa biyu ce, amma sai wanda ya yi karatu. Ashe ke nan, a Hausa sabo da kalma ne ma'auni, ba tsawonta ba.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan yanki ita ce gwaji a kan masu karatu kafin a buga. A ba ɗan aji shida na firamare ko ɗalibin ajin manya takardar ya karanta a bayyane, a lura da duk inda ya yi tuntuɓe ko ya koma baya. Sannan a tambayi masu saurare abin da za su aikata, kada a tambaye su ko sun gane, domin kunya da girmama baƙo sukan sa a amsa da to ko da ba a fahimta ba. Idan takardar ta awo ce, a ba su cokali ko mazubi su auna a gani. Ya kamata gwajin ya haɗa da mata a cikin gida da makiyaya a ruga, tun da su ne suka fi nisa da inda ake rubuta takardun.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa masu karatu a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ba matakinsu ɗaya ba, kuma da yawansu ta hanyar saurare rubutu yake isa gare su. An kawo tarihin ƙoƙarin da aka yi tun daga malaman jihadi zuwa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. An kuma bayyana hanyoyi biyar na sauƙaƙawa, wato zaɓen kalma, da ginin jimla, da kiyaye ƙa'idojin rubutu, da fassara ma'auni da lokaci, da tsarin shafi. Daga ƙarshe an nuna cewa lissafin da aka gina a kan Ingilishi ba zai maye gurbin gwaji a kan masu karatu ba. Sauƙaƙa rubutu ba rage ilimin da ke cikinsa ba ne, kuma ba raina mai karatu ba ne. Hasali ma ya fi wuya a kan marubuci, domin sai ya fahimci abu sarai kafin ya iya faɗinsa a taƙaice. A babi na gaba za a ɗora waɗannan ma'aunai a kan nau'o'in takardun noma da na lafiya ɗaya bayan ɗaya.